Tarihin da Ke Cikin Ɗakinmu



Yau za mu yi hira a kan tarihi. In an ce tarihi, da yawa daga cikinmu sai mu tuna da sarakuna da yaƙe-yaƙe. Gaskiya ne, wannan tarihi ne. Amma akwai wani tarihin kusa da kai. Yana cikin ɗakin da ka kwana jiya. Yana bayan gida, inda uwargida ta shuka kuɓewa. Yana jikin bargon da aka lulluɓe yaro da shi.

Ga abin da ya sa na ɗauko wannan magana. Bara, bayan rasuwar kakata, aka sa mu share ɗakinta. Kwana biyu muka yi muna fid da kaya. Ga kwanoni masu tsatsa, ga fasassun robobi, ga buhu guda cike da leda. Can ƙarƙashin gado muka tarar da wani tsohon adudu. A ciki akwai mazari uku, da ɗan dutsen gurza, da guntun alli, da rabin gwado wanda ya sha faci. Ƙanwata ta ɗauki adudun za ta kai juji. Sai ta ciro mazari ɗaya ta ce, "Yaya, wannan ɗan tsinken kuma na mene ne?" Shekararta 17, ba ta taɓa ganin ana kaɗi ba.

Na karɓe adudun. Washegari na kai shi ajinmu na yaƙi da jahilci. Wata tsohuwa daga cikin ɗalibaina ta ce, "Malama, miƙo mini nan." Ta ciro ɗan guntun auduga daga tsohuwar katifa, ta murza mazari, sai ga zare yana fitowa. Aji duk ya yi tsit. Ran nan ita ta zama malama, mu muka zama ɗalibai. Abin da na ji daga bakin tsofaffi, da abin da na karanta a littattafai, shi na haɗa na kawo muku.

Gida a zamanin sarakuna

An kafa sarautar Damagaram wajen shekara ta 1731. A farkon ƙarni na 19 Sarki Sulaiman ya zauna a Zindar, garin ya zama babban birni. Ɗansa Tanimun, wanda ya yi sarauta daga 1851 zuwa 1884, shi ya kewaye birnin da ganuwa, har ya sa maƙera suka ƙera igwa. Ƙasarmu ta Garagumsa tana yamma da birnin, kan hanyar Tasawa. A zamanin nan ayari yana saukowa daga Agadas da gishirin Bilma da dabino. Wani kuma yana zuwa daga Tarabulus da takarda da madubi da duwatsun wuya. Fatake suna komawa da hatsi da fata da tufafi.

To, me ke cikin ɗakin talaka a lokacin? Da ka ɗaga asabari ka shiga, za ka ga gadon kara ko na ƙasa, da tabarma. Ga ƙore an jera a ragaya, manya da ƙanana. Ga akushi da faifai da ludayi. Ga randa a kusurwa, ga adudu na ajiyar tufa. A tsakar gida kuma turmi da taɓarya, da tukwane bisa murhu, da rumbu.

Duba da kyau. Duk waɗannan kaya daga ƙasar nan suka fito. Ƙwarya daga duma take, wanda ya yaɗu bisa jinka da damina. Faifai da tabarma daga kaba. Akushi da turmi daga itace. Tukunya daga yumɓu, kuma har yau tukwanen Miriya suna da suna a kasuwanninmu. In ƙwarya ta tsage, sai a kai wa mai gyartai ya ɗinke. In ta fashe sarai, sakaina ta zama abin kwasar toka. Kasko ya zama wurin shan ruwan kaji. Tsumma ya zama gammo. Toka kuwa a tace ta a sa a miya, ko a yi sabulu da ita. Abin da ya rage sai a zuba a juji, ya ruɓe, a kwashe shi da rani a kai gona. Jujin kakanninmu taki ne. Shi ya sa gonar da ke bakin gari ta fi ta nesa albarka.

Kada mu ce zamanin da duk daɗi ne. Akwai yaƙi, akwai hari, akwai bauta. Wani Bature mai suna Richardson ya zauna a Zindar a farkon 1851, ya rubuta yadda ya ga ana shigo da mutanen da aka kamo don sayarwa. Aiki mai yawa na gona da na kaɗi a gidajen manya, bayi ne suka yi shi. In fari ya zo kuma, babu motar da za ta kawo hatsi daga nesa. Tsofaffi sun ji labarin yunwar Kakalaba ta 1914 daga bakin iyayensu. Ƙarancin kaya a ɗaki wani lokaci talauci ne ya kawo shi. Amma talaucin ya koya musu dabarar da ta kamata mu riƙe.

Daga gona zuwa gwado

Ke mai karatu, zanen da ke jikinki yanzu, kin san inda aka saƙa shi? Kakarki ta san na jikinta tun yana gona.

Ana shuka auduga a gefen gona ko a kwari. In ta fashe a tsince. Mace ta ɗora ta bisa dutse, ta murza da ɗan ƙarfe, angurya ta fita. Wannan shi ne gurza. Daga nan sai shiɓa da ɗan baka, har audugar ta yi laushi. Sa'an nan kaɗi. Mace ta shafa alli a yatsu, ta murza mazari, tana ja a hankali. Zare mai kauri shi ake kira abawa. Siriri kuwa ya fi tsada, don ya fi cin lokaci. Da rani, in an gama aikin gona, mata sukan taru da dare a ɗaki ɗaya, fitila ɗaya, suna kaɗi suna tatsuniya. Kuɗin zaren na mace ne. Da shi take sayen akuya, da shi take tara wa ɗiyarta kayan ɗaki.

Masaƙi ya karɓi zare ya saƙa ƙyalle siriri, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, tsawonsa kuwa kamu da yawa. Sai a yanka, a jera, a ɗinke gefe da gefe. Da haka ake samun zane da riga da gwado da luru. Wanda ake so baƙi sai a kai marina a tsoma a baba. Kun gani ke nan, tufar Bahaushe tun asali haɗe-haɗe ce. Allura ce ke mai da ƙanana su zama babba.

Tufar da ta sha wannan wahala ba a yar da ita. Rigar uba ta zama ta ɗa. Zanen uwa ya zama majanyi. Gwado in ya huje a yi masa faci, in facin ya huje a ɗora wani. Rabin gwadon kakata na ƙirga faci 11 a jikinsa.

Lifidi

Akwai wani ɗinki da ya fi kowane nauyi, shi ne lifidi. Wanda ya taɓa kallon hawan salla a ƙofar fadar Damagaram, ko a Katsina da Kano, ya ga irinsa. Doki ne aka lulluɓe tun daga wuya har gwiwa da tufa mai kauri, mai launi-launi.

Ga yadda ake yin sa. A shimfiɗa ƙyalle a ƙasa. A baza auduga ko audugar rimi a kai. A rufe da wani ƙyallen. Sa'an nan a bi da allura layi-layi, kusa da kusa, don kada audugar ta taru wuri ɗaya. Na saman kuwa ƙananan ƙyallaye ne, ja da baƙi da fari da rawaya, aka yanka aka haɗa. Mahayi ma yana sa rigar lifidi, ya ɗora kwalkwali a ka.

Me ya sa suka yi wannan wahala? Saboda kibiya. Yawancin maharba a zamanin suna shafa dafi a bakin kibiya, ƙwarzane kaɗan ya isa ya kashe doki. Amma in kibiya ta faɗa cikin auduga mai kauri sai ta maƙale, ba ta kai ga fata ba. Don haka ƴan lifidi su ne garkuwar sarki a fagen fama, a Borno da Damagaram da sauran ƙasashen Hausa. Lifidi yana da aibinsa. Yana da nauyi, yana da zafi, yana tsoron wuta. Wanda ya faɗo daga doki da shi, da ƙyar ya tashi in ba a taimake shi ba.

A watan Yuli na 1899 rundunar Sarki Amadu Kuran Daga ta gamu da sojan Faransa a Tirmini, nan maƙwabtanmu. Auduga tana tare kibiya, amma ba ta tare harsashi. Faransawa suka ci Zindar. Daga nan lifidi ya bar fagen yaƙi ya koma kayan ado na salla. Sai dai dabararsa ba ta mutu ba. Ƙyalle biyu da abu mai laushi a tsakiya, a bi da allura: abin da ya tare kibiya jiya, yana iya tare ɗari yau. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Kakanninmu ba su da kuɗin ɗaukar ƴan ƙodago kullum. Abin da suke da shi shi ne juna. In noma ya fi ƙarfin mutum sai ya kira gayya. Samari su zo da haukunansu, makaɗi yana kiɗa, mai gona ya ba da fura da tuwo. In an gama jinka a ƙasa, maƙwabta su taru su ɗaga ta su ɗora bisa ɗaki.

Mata ma suna da tasu gayyar, ita ce daɓe. In za a kawo amarya, sai matan unguwa su taru a sabon ɗaki. A zuba tsakuwa da ƙasa, a yayyafa ruwan makuba, wanda ake samu daga kwasfar ɗorawa. Kowace ta riƙe madaɓi, su durƙusa a jere, suna bugu suna waƙa, har ƙasa ta yi santsi ta yi ƙarfi. Ba a biyan kowa ko wuri. Wadda ta zo daɓen ɗiyarki, ke ma za ki je na tata. Haka sussuka, haka dakan biki, haka gudummawa ran suna. Bashi ne wanda ba a rubutawa, amma kowa ya san da shi.

Garka

Noman garka ma ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Wani Bajamushe mai suna Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka Zindar a ƙarshen 1852, ya yi wajen wata guda. Ya rubuta cewa ruwa yana kusa a gefen garin, ya ga gonakin taba da itatuwan dabino. A wuraren da ruwa bai yi zurfi ba, irin su Miriya da Gidimuni da kwarin Korama, mutane sun daɗe suna ban ruwa da jigo. Jigo doguwar sanda ce bisa gwafa, guga a gaba, nauyi a baya. Mutum ɗaya ya ja, ruwa ya bi ƴar hanya ya shiga fangali. Da haka ake samun albasa da alkama da barkono.

Mu nan Garagumsa ƙasar tudu ta fi yawa, rijiyoyinmu da zurfi. Amma kowace mace tana da ƴar garkarta ta damina a bayan ɗaki. Kuɓewa da yakuwa da rama da kabewa, ga duma bisa danga, ga lalle a gefe. Tana shanya abin da ya yi saura, ta zuba a tulu. Miyar rani tun damina ake tanadinta.

Zuwan kanti

Da Nasara ya zauna, abubuwa suka fara sauyawa. Daga 1911 zuwa 1926 Zindar ce babban birnin ƙasar Nijar, kafin a koma Yamai. A 1911 kuma jirgin ƙasa ya iso Kano. Kayan Turai da a da sai raƙumi ya yi watanni yana ratsa hamada da su, yanzu suna zuwa ta kudu, da yawa, da araha. Ayarin Tarabulus ya mutu. Kamfanoni irin su CFAO suka buɗe kantuna. Haraji kuwa, wanda muke kira lanho, aka ce sai da kuɗin Nasara, wuri ya daina aiki. Manomi ya shiga noman gyaɗa don ya sami kuɗin biya. In ya sayar, abin da ya rage ya tsaya kanti ya sayi akoko ko alawayyo.

Yadin kanti ya fi na masaƙi araha, ya fi shi laushi. A 1957 aka buɗe masaƙar zamani a Kaduna. A ƙarshen shekarun 1960 aka buɗe ta Yamai, mai suna NITEX, wadda daga baya ta zama SONITEXTIL. Inji ɗaya yana kaɗa zaren da mata ɗari ba su kaɗawa a yini. Sannu-sannu mazari ya koma cikin adudu. Daga baya gwanjo ya cika kasuwa, ya ƙarasa abin da ya rage.

Cikin ɗaki ma haka. Kwanon sha mai fenti da langa da fanteka suka ture ƙwarya daga jere. Da farko daga ƙetare ake kawo su, daga wajen 1960 aka fara ƙera su a Najeriya. Gadon ƙarfe ya kori gadon kara. Kada ku raina jeren kwano. Shi ne asusun mace. In shekara ta yi wuya ta sayar da biyu ta sayi hatsi. In ɗiyarta ta tashi aure ta ɗiba ta ba ta. Bayan kwano sai roba, sai kula, sai kabad. Takeita tana kan mararraba, hanya ɗaya ta nufi Damagaram, kilomita wajen 50, ɗaya ta nufi Maraɗi, ɗaya ta bi ta Matamaye ta shiga Najeriya. Duk abin da ya fito sabo a kasuwar Kano ba ya daɗewa bai iso mu ba.

Waɗannan kaya sun rage wa mata wahala, babu musu. Bokiti ya fi tulu sauƙin ɗauka, kuma ba ya fashewa da wuri. Amma sun zo da abin da kakanninmu ba su sani ba, wato sharar da ba ta ruɓewa. Hannunmu ya saba da zubawa a juji a kai gona. Muka ci gaba da yin haka, alhali jujin ya sauya. Yau in ka kai shi gona, leda ka kai, da batir, da fasasshen gilashi. Leda tana hana ruwa shiga ƙasa. Akuya ta ci ta, ta cushe mata tumbi, ta rame har ta mutu. Ku tambayi mahauta abin da suke tararwa in sun yanka. Tsohon gwangwani da taya suna tara ruwan sama, sauro ya yi ƙwai a ciki. Tarin tarkace a bayan gado kuwa gidan kunama ne da ɓera. A 2014 gwamnatin Nijar ta yi dokar hana shigo da leda marar kauri da sayar da ita. Amma ku dubi ƙayar da ke bakin kasuwa, ku ga abin da ke rataye a jikinta. Doka ba ta shiga ɗakin kowa ta yi masa shara.

Abin da fari ya tuna mana

Farin 1973 ya kashe dabbobi masu yawa. Na 1984, wanda mutane suka sa wa suna El Buhari, ya bar rumbuna wayam. A shekarar nan gwamnatin Seyni Kunce ta yi kira ga jama'a su shiga noman rani. Aka haƙa rijiyoyi a fadamu, aka raba iri. Mutane da yawa a lokacin suka fara cin salati da shu da karoti da dankali. Wanda ya riƙe garka ya sami na miya, ya sami na sayarwa, bai tafi cin rani ba. Har yau raken Matamaye da kayan garkar Miriya suna cika motoci.

Aikin gayya ma ya sake sabuwar riga. Daga 1975 samariya ta yi ƙarfi, matasa suka gina azuzuwan lakwal, suka share gari, suka dasa itatuwa. A 1991, a jihar Maraɗi, aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara tare da taimakon CARE. Mata su taru kowane mako, kowace ta zuba abin da ta iya a akwati, mai bukata ta ranta ta mayar. Tushensa adashi ne da muka gada. Yanzu wannan dabara ta matan Nijar ta bazu ƙasashe da yawa na duniya.

Mu ma muna da namu misali a ƙofar gida. Dajin Takeita, mai faɗin hekta fiye da 6,000, gwamnati ta killace shi tun cikin shekarun 1950. Da shekaru suka tafi sai sara da noma suka cinye shi. A 1995 aka fara wani aiki tare da ƙungiyar SOS Sahel. Manoma da makiyaya da mata masu itace suka zauna suka yi shawara, suka kafa ƙungiyar Ku Tayani don kula da dajin. Ko sunan kaɗai ya isa darasi.

Labarin wasu mata a Amurka

Kada ku ce ɗinkin faci abin kunya ne. A ƙasar Amurka, cikin jihar Alabama, akwai wani ƙauye mai suna Gee's Bend. Mutanensa baƙaƙe ne, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka aka sa su noman auduga. Talakawa ne ƙwarai, ɗakunansu na katako suna shan iska. Matan suka riƙa yanka tsofaffin wandunan aiki da buhunan gari, suna haɗawa, suna sa auduga a tsakiya, suna yin bargo. Mace takan haɗa na saman ita kaɗai, sa'an nan maƙwabta su zo su kewaye shi da allurai, suna ɗinki suna waƙa. Kun ji kamar daɓe, ko ba haka ba? A 1966 matan yankin suka kafa ƙungiyar haɗin kai mai suna Freedom Quilting Bee, suka fara sayarwa, suka sami kuɗin kansu. A 2002 aka rataya bargunan Gee's Bend a manyan gidajen nuna kayan fasaha na ƙasar. A 2006 aka buga hotunansu a jikin kan sarki na wasiƙa. Dabarar da suka yi aiki da ita, ita ce dabarar lifidi.

To, mu fa?

Bayan ranar mazari, matan ajinmu suka yi shawara. Muka ga a garinmu akwai tsofaffi da marayu da almajirai masu kwana da ɗari, buhu kaɗai ne mayafinsu. Muka ga kuma kowane ɗaki yana da ƙullin tsummokin da ba a sawa. Sai muka sa ranar Alhamis da la'asar, bayan karatu. Ga yadda muke yi, ko za ku gwada.

Da farko shara. A fid da kayan ɗaki duka a tsakar gida, a kasa su kashi huɗu. Na ɗaya, abin da ake aiki da shi, ya koma ɗaki. Na biyu, abin da ke da kyau amma ba a aiki da shi, a ba mabukaci ko a sayar. Tsohon ƙarfe da dalma suna da masu saye. Na uku, abin da ke ruɓewa, a kai ramin taki. Na huɗu, leda da batir da kwalabar maganin ƙwari, a ware su nesa da yara da dabbobi da rijiya. Kada a zuba ruwan sha ko mai a mazubin maganin ƙwari, ko an wanke shi. Akwai kuma abin da ba ya cikin kashi huɗun nan, shi ne kayan tarihi. Kafin ka yar da abin da ba ka san sunansa ba, tambayi tsoho.

Na biyu garka. A haƙa rami kamar kamu biyu a bayan gida. A riƙa zuba shara mai ruɓewa da kashin awaki da toka, ana yayyafa ruwa, ana juyawa. Cikin wata biyu ko uku ya zama taki baƙi. A shuka zogale uku ko huɗu kusa da wurin wanke-wanke, a kewaye da ƙaya. Ruwan ɗauraya da na alwala ya ishe su. Kafin wata uku an fara tsinkar ganye.

Na uku bargo. A wanke tsummoki da sabulu, a shanya a rana sosai. A yanke wurin da ya mutu, a fid da mai ƙwari. A roƙi tela guntayen yadin da yake zubarwa. A yanka su daidai wa daida, kowane kamar tafin hannu biyu, a haɗa su layi-layi har su kai tsawon mutum. A shimfiɗa tsohon zane a ƙasa, a jera tsofaffin tufafi masu laushi a kai, a rufe da wanda aka haɗa. Sai mata huɗu ko shida su zauna kewaye, su fara ɗinki daga tsakiya zuwa gefe, tsakanin layi da layi yatsa uku. A ƙarshe a naɗe baki a dalle. Mu Alhamis uku ke ba mu bargo ɗaya. Ɗaya daga cikinmu tana rubuta sunan wadda ta zo da abin da ta kawo, wata tana auna ƙyalle tana lissafi. Da haka karatunmu ma yake zama.

Bargonmu na farko mun kai wa wata tsohuwa makauniya wadda ba ta da kowa. Ta shafa shi da hannu tun daga sama har ƙasa. Da ta kai tsakiya sai ta tsaya ta ce, "Ɗiyata, wannan ai saƙar hannu ce. Ina kuka samo ta?" Guntun gwadon kakata ne muka sa a wurin. Ƙanwata ce ta ɗinka shi. Yanzu ta iya riƙon mazari, ko da yake zarenta yana yawan tsinkewa.

Ya kai mai karatu, in ka gama wannan, karanta wa na kusa da kai. Ku tambayi tsofaffin garinku: wa ke saƙa a nan da? Ina marina take? Yaushe aka yi daɓe na ƙarshe? Ku rubuta amsar a littafinku da hannunku, ku kawo aji mu karanta tare. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Ɗari kuma yana tafe, gara a fara tara ƙyallaye tun yanzu.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ƙara mana haɗin kai. Amin.